Su wane ne mabiya addinin Buddha a ƙasashen Yamma?

Da zarar an ambaci addinin Buddha a Amurka ko Turai, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Bature zaune ya tanƙwashe ƙafa, ido a rufe, yana lura da numfashinsa. Alƙaluma kuwa ba haka suka nuna ba. Binciken cibiyar Pew na 2012 ya gano cewa kusan biyu bisa uku na mabiya addinin a Amurka 'yan asalin Asiya ne.

Su ne ma suka fara kai shi can. 'Yan China masu haƙar zinare sun gina wuraren ibada a San Francisco tun shekarun 1850, Japanawa suka biyo baya, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu: a 1942 gwamnatin Amurka ta tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, akasarinsu mabiya Buddha. Sai dokar shige da fice ta 1965 ta sake buɗe wa 'yan Asiya ƙofa.

Hanyar Turawa daban take. Malaman addinin daga Sri Lanka da Japan sun yi jawabi a taron addinai na Chicago a 1893, gudun hijirar Dalai Lama daga Tibet zuwa Indiya a 1959 kuma ya ƙara jawo hankali. Amma babban sauyin a asibiti ya faru. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ɓullo da horon mako takwas a Jami'ar Massachusetts domin masu fama da matsanancin ciwo. Ya ɗauki zaman natsuwa da tattara hankali, ya ajiye ibadu da aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa. Wanda ya juya wa coci baya sai ya sami abin kwantar da zuciya da ba ya neman ya yi imani da komai.

Sai dai abin da aka ajiye ɗin ba ƙarami ba ne. A Thailand ko Sri Lanka, bin addinin ya haɗa da ciyar da malamai sadaka da kiyaye dokoki biyar, ciki har da haramcin kisa da shan abin maye. Manhajojin waya irin su Headspace, da wani tsohon malamin addinin ya kafa da abokinsa, kuɗi suke karɓa, ba su tambayar kowa wannan.

Shi ya sa tasirin ya zarce yawan mabiya nesa ba kusa ba. A ƙidayar 2021, mutum 273,000 ne suka ce su mabiya Buddha ne a Ingila da Wales, wato kashi 0.5 cikin ɗari, alhali asibitocin gwamnatin ƙasar na amfani da wannan horon ga masu ciwon damuwa.