Labarin da ɗiyarki ke saurare da dare

 Wannan karo ba zancen zubi ko bashi muka zo da shi ba. Zancen ɗiyanmu mata ne, da abin da suke saurare cikin salula bayan mun yi kwana.

Abin ya taso ne ran taronmu na mako. An buɗe akwati, an ƙidaya kuɗi, masu riƙe makulli sun rufe, har wasu sun fara naɗe tabarma. Sai wata daga cikinmu ta kwance bakin zanenta ta ajiye wata ƙaramar salula a tsakiya. Ta ce: "Kullum dare sai in ji murya ƙasa-ƙasa cikin ɗaki. Ashe littafin soyayya ne ake karanta ma ɗiyata, yarinyar da ba ta cika goma sha huɗu ba. Ku ba ni shawara, in jefa ta tabki ko in kai ma ubanta?"

Yawancinmu tabki muka ce. Sai wata tsohuwa da muke kira Inna, wadda ta girme mu duka, ta ce: "Ke ɗiyata, kin ji abin da ke ciki?" Ta ce a'a. Inna ta ce: "To rashin sani ya fi dare duhu. A kunna mu ji." Ranar ba mu watse ba sai da aka kira magariba.

Daga ina labaran nan suke?

Mu da muka haura shekara 40 mun san littattafan soyayya tun suna takarda. Ƴan kasuwa masu zuwa Kano ne ke kawo su, ƙanana marasa kauri, kashi na ɗaya, na biyu, na uku. Ƴammatan lakkwal, ko da yake Faransanci aka koya musu, bakaken iri ɗaya ne, da kansu suke gane karatun Hausa. Littafi guda sai ya zagaya unguwa har bangonsa ya cire. Yanzu takarda ta yi ƙaranci. Ana rubuta labarin ana turawa ta WhatsApp shafi-shafi, wasu kuma su karanta da murya su sa a YouTube. Mai cajin salula a bakin kasuwa sai ya zuba ma yarinya cikin katin memuwar da dala ashirin. Ko wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana iya saurare.

Rigima a kansu ma tsohuwa ce. A shekarar 2007, lokacin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an tara irin waɗannan littattafai a Kano an ƙone su a bainar jama'a, don ana ganin suna ɓata tarbiyya. Ga shi yau shekaru sun wuce, labaran ba su ƙare ba, sai ma suka shigo ɗakunan ɗiyanmu ta hanyar da ashana ba ta iya ƙonewa.

Mata ne suka rubuta da yawa daga cikinsu. Akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. An fitar da ita daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci, irin wanda mu ma muka shiga, har ta zama marubuciya. A 1990 ta fitar da littafi mai suna Wa Zai Auri Jahila?, labarin wata yarinya Abu da aka cire daga makaranta aka ba wani tsoho, Sarkin Noma. Ya wulakanta ta, ta gudu wajen wata ƴar uwarsu a Kano, ta koma karatu har ta samu aikin likita. Da muka ba mata wannan labari a taro, wata ta ce: "Ai wannan ba a Kano kaɗai ba ne, ko nan cikin tabarmar nan akwai Abu." Ba wadda ta yi dariya.

Abin da muka ji cikin salular

Labarin da yarinyar ke saurare na wata marainiya ne da aka kai riƙo birni. Ita ke wanki, ita ke talla, sai kowa ya ƙoshi take ci. Akwai wani babba a gidan da ke tare ta idan ba kowa, yana tsoratar da ita cewa in ta faɗa ba wanda zai yarda. Ta faɗa ma matar gidan, aka doke ta aka ce ta yi ƙazafi. Can gaba wani saurayi ɗan makaranta ya fara son ta, shi ne mutum na farko da ya tsaya ya ji maganarta.

Mun yi makonni huɗu muna saurare, muka karɓo wasu labaran daga wasu gidaje. Muka gane kashi biyu ne, kuma dole uwa ta iya rarrabe su.

Kashi na farko yana kiran zalunci da sunansa. Yana nuna ma yarinya cewa abin da aka yi ma marainiyar nan laifin babban ne, ita ba ta da laifi, kuma akwai mafita: magana, karatu, sana'a, dangi na gari.

Kashi na biyu shi ne mai haɗari, kuma yana da yawa. Attajiri ne mai zafin rai, ya mari yarinya, ya kulle ta, ya tilasta mata, ya hana ta ganin danginta. Labari na kusa ƙarewa sai a ce ai so ne ya sa, ya saya mata mota da gwal, ita kuma ta ƙaunace shi. Yarinya mai shekara 13 da ta sha irin wannan sau goma za ta tashi da tunanin cewa mari alamar so ne, kuma kyauta tana wanke kowane laifi. Akwai kuma na batsa zalla da ake sayarwa cikin wasu rukunonin WhatsApp. Waɗannan ba mu da wata shawara a kansu sai a goge, a kuma gaya ma yarinya dalili.

Zaman da muka yi da ƴammata

Muka yanke shawara mu kira ƴammatan gidajenmu ran da ba lakkwal, a gidan ɗaya daga cikinmu, ba namiji ko ɗaya. Mun dafa shayi, mun sayo rake da dabino daga garake. Muka kunna labarin marainiyar, in an kai wani wuri mu tsayar mu yi tambaya. Me ya kamata ta yi a nan? Wa za ta gaya ma? In ƙawarki ce me za ki ce mata?

Da farko shiru, sai sunne kai da dariya. Mun lura in ka tambayi yarinya a kan kanta ba ta magana, kunya da tsoro sun rufe mata baki. Amma in a kan yarinyar cikin labari ne, bakinta sai ya buɗe. Wata ta ce: "Ai ko ta gaya ma innarta, cewa za a yi ita ta ja." Wata ta ce: "In ta faɗa, ba mai aurenta." Mu uwaye muka dubi juna. Waɗannan kalmomi daga bakinmu suka koye su.

A zama na uku, bayan kowa ya tashi, wata yarinya ta tsaya tana taya mu kwashe kofuna. Ba za mu faɗi shekarunta ko unguwarsu ba, kuma muna roƙon kada kowa ya tsaya bincike. Ta ce da ɗaya daga cikinmu: "Iya, abin da ake ma waccan, akwai mai son yi mini." Ashe akwai wani mutum da ke saye tallarta duka kullum, ya ce ta shigo da tiren ciki ta karɓi kuɗi. Uwarta tana murna ɗiyarta na da farin jinin ciniki. Yarinyar ta yi wata biyu tana tsoron fita, in ta dawo da saura kuma a yi mata faɗa.

Allah ya sa abin bai kai ga mafi muni ba. Amma mun yi kuskure, kuma za mu faɗe shi don kada ku maimaita. Da uwar ta ji, abin da ta fara yi shi ne ɗaga hannu za ta doki yarinyar, tana cewa me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Sai da muka riƙe ta. Wata daga cikinmu kuma ta ba mijinta labari a daren, kafin gari ya waye magana ta fara yawo. Da ƙyar muka kashe ta. Tun daga ranar muka sa doka: maganar da yarinya ta faɗa tana tsayawa wajen mace biyu da uwarta, sai kuma wanda dole ya sani don a kare ta.

Ga abin da muka yi. Mun raka uwar da ɗiyar likita aka duba ta. Uban yarinyar da wani dattijo suka kai maganar gaban hukuma. Sannan muka dubi tushen abin, wato talla. Ribar tiren nan ba ta wuce dala ɗari a yini ba, amma da ita ake sayen cefane. Ce ma uwa ta hana talla ba tare da an ba ta madadi ba, maganar banza ce. Sai muka ba ta bashin jikka goma sha biyar daga asusu, ta fara sayar da ƙuli-ƙuli da mai a ƙofar gida, muka ɗaga mata lokacin biya. Yarinyar ta koma aji. Uwar ta biya bashinta cif kafin rabon shekara.

Abin da ya kamata mu sani

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin mata 100, 76 an yi musu aure kafin shekara 18, 28 kuma kafin shekara 15. Jiharmu ta Damagaram da ta Maraɗi suna cikin inda abin ya fi yawa. Da yawa cikinmu mun aurar da ɗiya da wuri don tsoron abin kunya. To amma wanda ya cuci yarinya shi ya yi abin kunya, kuma aure na gaggawa ba ya warkar da ita, sau da yawa ƙara mata ciwo yake. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare ɗiya mace da ke lakkwal da tallafa mata ta ci gaba da karatu. Fyaɗe kuwa babban laifi ne a dokar ƙasa, mai kai mutum kaso shekaru masu yawa. Ba magana ce da ake kashewa da goro da ban haƙuri a zaure ba.

Abu ɗaya da ungozoma ta koya mana, kowace uwa ta riƙe shi: in an ci zarafin yarinya, a kai ta likita kafin kwana 3 su cika. Cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar sida ke aiki. Kada a tsaya jiran taron dangi.

Shawararmu ga sauran ƙungiyoyi

Kada ki fara da ƙwace salula. In kin ƙwace, za ta je ta saurara wajen ƙawa, ke kuma kin rufe ƙofar magana. Ki ce ta kunna miki ku ji tare, ko kina tsinke zogale ko kina ɓarar gujiya.

Ki yi tambaya a kan yarinyar cikin labarin, ki bar ta ta gama magana. In an zo wurin da namiji ya doki mace aka ce so ne, ki tsayar ki ce mata: "Ɗiyata, wannan ƙarya ce. Mai son ki ba ya tsoratar da ke, ba ya ce ki ɓoye ma uwarki."

Kada mu yi kamar ba mu san ƴammata na jin so ba. Mu ma mun ji a dandali. Wadda ta iya gaya miki wane ne ke tsayar da ita a hanyar rijiya, ita ce za ta gaya miki ran da wani ya wuce iyaka.

In ta faɗa miki abu mai nauyi, kalmar farko ita ce: "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Faɗa da tambayoyi su jira.

Ki san gidajen da tiren ɗiyarki ke shiga. Mu a nan mun yi yarjejeniya: ba talla bayan magariba, ba shiga ɗaki ko shago karɓar kuɗi, kuma su riƙa tafiya biyu-biyu. Mu duba ɗiyan riƙo da ke hannunmu su ma, don marainiyar cikin labarin nan a gidan dangi aka cuce ta. Yara maza ma ana cutar su, su kuma sun fi ɓoyewa.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, akwatin nan ya saya mana awaki, ya biya magani, ya fitar da mu kunyar biki da suna. Mun ga yana iya fitar da yarinya daga talla mai haɗari. Kowace ƙungiya ta duba ko za ta ware wani abu cikin kuɗin taimako don wannan.

Salular nan dai ba ta shiga tabki ba. Tana hannun uwar da rana, da dare su saurara tare rabin awa. Ƴammatanmu uku kuma sun karɓi kaye da biro sun fara rubuta nasu labarin, na wata yarinya mai tallar rake a bakin hanyar Gure. Sun ce in sun gama za su karanta mana ran taro. Mun gaya musu sashen Hausa na BBC na yin gasar Hikayata ta mata marubuta tun 2016, su dage har su kai shekarun shiga.

Ƙungiyar da ke son mu zo mu nuna yadda muke zaman, ta aiko ta hannun mai kawo wannan jarida. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su, ya ba mu kunnen jin su. Amin.