Kayan likita da ba sa rikita mai aiki da su: ina ake koyon wannan ilimi?

Idan ma'aikaci ya yi kuskure da kayan likita, an saba ɗora masa laifi. Amma akwai wani fannin ilimi da ke cewa a fara duban kayan tukuna. Wataƙila rubutun jikinsu ya yi ƙanƙanta, ko kuma abubuwa biyu sun yi kama da juna har hannu ya ɗauki wannan maimakon wancan. Da Faransanci sunan wannan ilimi ergonomi. Manufarsa ita ce a ƙera kayan aiki daidai da ido da hannu da hankalin mai amfani da su.

Ilimin ya yi ƙarfi ne a lokacin yaƙin duniya na biyu. A Amurka, matuƙan wani jirgin sama na soja sun yi ta lalata jiragensu wajen sauka. A shekarar 1943 wani masani, Alphonse Chapanis, ya gano dalili: makunni biyu ne kusa da juna, kamarsu ɗaya. Matuƙi a gajiye sai ya taɓa wanda ke naɗe tayoyi. Aka liƙa wa wannan makunni ƴar ƙaramar taya ta roba, yadda hannu zai gane shi ko ido bai duba ba. Daga nan matsalar ta kau.

Yau masu ƙera kayan likita a Turai da Amurka suna bin ƙa'idar duniya da ta fito a 2007, aka sabunta ta a 2015. Kafin a sayar da na'ura, ana miƙa ta ga irin mutanen da za su yi aiki da ita, a zauna a zuba musu ido. Duk inda suka tsaya suna shakka, a rubuta, a koma a gyara.

To, ina ake koyo? Ƙofa ba ɗaya ba ce. Wasu suna fara karatun injiniya na kayan asibiti, wasu ilimin halayyar ɗan Adam, wasu aikin jinya, sannan su ƙara wannan fanni a kai. A birnin Paris, makarantar CNAM ta daɗe tana koyar da ergonomi ga ma'aikata masu karatu bayan tashi daga aiki. A Amurka, ƙungiyar AAMI tana shirya horo na ƴan kwanaki a kan kayan likita. Wanda ke da yaro a jami'a ya iya nuna masa wannan hanya.

Sai dai misali mafi kusa da mu yana nan gida, wato igiyar awon damtsen yara, wadda ake gane tamowa da ita. Launi uku gare ta. Ja yana ƙasa da milimita 115, shi ne tamowa mai tsanani. Rawaya daga 115 zuwa 125. Kore sama da haka. Wanda bai san lamba ba ya san launi, kuma da gangan aka yi ta haka.

Da can ana ganin awon nan aikin ma'aikatan lafiya ne kaɗai. A 2011, a Mirya cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye. Aka ga awon uwa yana dacewa da na ma'aikaci a mafi yawan lokuta. Aka kuma gano abu biyu da suka sauƙaƙa aikin: ko hannun dama ko na hagu duk ɗaya ne, kuma ido ya isa a kintaci tsakiyar damtse. Tsakanin 2013 da 2014 aka faɗaɗa gwajin ga dubban mata. Inda uwaye ke awo, an riƙa kawo yara tun ciwo bai ci ƙarfinsu ba, waɗanda aka kwantar a asibiti kuma suka ragu. A ganina, nan ne ilimin ya fi yin amfani, domin uwa tana ganin ɗanta kullum, ma'aikaci kuwa sai jifa-jifa. Ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan dabara daga baya.

Horon ba ya ɗaukar yini guda. Uwa mai yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59 ta tambaya a gidan likita mafi kusa, ko wajen wakilin lafiya na garinsu. Yaro ya saki hannunsa. A zagaya igiya a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Kada a matse, kada a bar ta sako-sako. A duba launin da ya fito a ƴar tagar. Bayan haka a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku. In rami ya zauna a ƙafa biyun, ko igiya ta nuna ja, a kai shi gidan likita a ranar. In rawaya ce, shi ma a kai shi a duba, kada a jira ta koma ja.