Bidiyon Masu Ɗura Harsashi a Gida: Me Suke Yi, Kuma Me Ya Sa Ba Abin Kwaikwayo Ba Ne a Nan?

Wani mai bibiyar wannan shafi daga Illela ya turo mana wani gajeren bidiyo ta WhatsApp. A ciki, wani dattijon Ba'amurke ne zaune a garejin gidansa, gabansa ɗan ma'auni da wata na'ura mai hannu kamar famfon tuƙa-tuƙa, yana sake cika kwanson harsasai ɗaya bayan ɗaya, ga wata tsohuwar bindiga mai jikin katako jingine a bango. Tambayar mai turowar ita ce: "Wai harsashi ma ana yi masa ciko ne kamar tukunyar gas? Me ya hana mutumin nan ya je ya saya?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta fi kusa da ilmin injina fiye da labarin yaƙi. Amma tun daga farko, ba za ka samu awo ko hanyar haɗawa a rubutun nan ba. Abin da za ka samu shi ne dalilin da ya sa suke yi, abin da bidiyon ba ya nuna maka, da kuma yadda wannan bindiga ta haɗa dangi da Kaduna.

Harsashi ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne

Abin da muke kira harsashi haɗin abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne. A gindinsa akwai ɗan maɓalli mai aikin ƙyastu, wanda ke ba da tartsatsi idan tsinken bindiga ya doke shi. A ciki akwai albarushi. A baki kuma akwai ƙwayar da ke fita. Idan an harba, uku sun tafi, saura kwanso, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa wasu a Amurka suke tsince shi su sake cikawa. Sai dai ga masu irin bindigar da ke cikin bidiyon nan, kuɗi ba shi ne babban dalili ba.

Bindigar sunanta M1 Garand. John Garand, wanda aka haifa a Kanada, shi ya tsara ta a masana'antar makamai ta Springfield, sojan Amurka kuma suka karɓe ta a 1936. An ƙera sama da miliyan 5, an yi Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya da ita. Tana cin harsashi 8, kuma idan na ƙarshe ya fita, ɗan ƙarfen da ke riƙe da su yakan yi tsalle waje da wata ƙara, "ƙil". Duk wanda ya buga tsofaffin wasannin Call of Duty ya san ƙarar nan.

Abin da ya bambanta ta da yawancin bindigogin zamaninta shi ne tana ɗana kanta. Kusa da bakin bututun akwai wata 'yar huda. Idan ƙwayar ta wuce wurin, kaɗan daga iskar da ke tura ta sai ta bi hudar ta bugi wata doguwar sandar ƙarfe. Sandar ta koma baya, ta buɗe bindigar, ta wurgar da kwanso, sannan sifirin ya dawo da ita tare da sabon harsashi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Ja ɗaya, harbi ɗaya, ba sai ka taɓa komai ba.

To a nan matsalar take. An auna girman hudar da ƙarfin sandar ne bisa harsashin sojan wancan zamani. Yau kamfanoni suna yin harsasan farauta masu girma iri ɗaya, suna shiga bindigar cif-cif, amma wasunsu albarushinsu yana ci ne a hankali, ƙwayarsu kuma ta fi nauyi. Sakamakon haka, lokacin da ƙwayar ta iso hudar, iskar tana nan da sauran ƙarfi fiye da yadda aka tsara. Sai ta maka wa sandar duka, yau da gobe ta lanƙwashe, a bindigar da ta haura shekara 70 da ƙerawa.

Ka tuna da caja. Don bakinta ya shiga waya ba yana nufin wutarta ta dace ba. Wayoyin yanzu ma sun yi sa'a, domin suna tattaunawa da caja kafin su karɓi wuta, su ce ga iya abin da za su ɗauka. Garand ba ta da wannan wayon; abin da aka ba ta shi za ta haɗiya. Bindigogin da suka biyo baya, irin su FN FAL ta Beljiyam, wadda 'yan PUBG suka sani da SLR, an sa masu abin rage iskar ko ƙara ta. Saboda haka dattijon nan ba ƙarfi yake nema ba. Ƙoƙari yake ya kwaikwayi harsashin 1940 don kada ya karya kayan tarihi.

Abin da bidiyon ya ɓoye

A minti ɗaya na TikTok, aikin yana kama da cika kwalbar turare. Ga abin da ke ƙarƙashinsa. Tayar mota tana ɗaukar iska wajen 30 zuwa 35 a ma'aunin psi. Iyakar da aka yarda irin wannan harsashi ya kai a cikin bututu ita ce 60,000, wato kusan ninki 2,000 na tayar mota, kuma tazarar wurin da idon mai harbi ba ta kai kamu ɗaya ba. Albarushin ana auna shi ne da wani ƙaramin awo wanda sai an tara sama da 15 kafin a samu giram ɗaya, kuma ɓangaren wannan awon ma yana da tasiri.

Mutumin da ka gani ba da ka yake yi ba. Kamfanonin albarushi suna gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji da na'urorin auna matsi kafin su wallafa. Akwai ƙungiyar SAAMI a Amurka tun 1926, akwai CIP a Turai tun 1914, aikinsu ke nan tsayar da iyaka. Dokar ƙasarsa ta ba shi damar cikawa don amfanin kansa, har akwai wani shiri, Civilian Marksmanship Program, da ke sayar wa 'yan ƙasa waɗanda suka cika sharuɗɗa tsofaffin Garand. Duk da wannan gata, ana samun bindigogin da ke tarwatsewa a hannun masu su. Tun 2018 kuma YouTube ya haramta bidiyon da ke koyar da haɗa harsashi. Abin da ke yawo a wayoyinmu yawanci guntaye ne da aka yanke, aka zubar da duk gargaɗin da ke ciki.

Daga Springfield zuwa Kakuri

Mutane kaɗan ne suka san Garand tana da jika a Najeriya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Beretta na Italiya ya riƙa ƙera ta, sannan a 1959 ya gyara ta: ya mayar da ita mai cin harsashin 7.62 na ƙungiyar NATO, ya sa mata gidan harsashi mai cin 20 wanda ake cirewa, ya kira ta BM59. Da aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, Kaduna, a 1964, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, BM59 tana cikin bindigogin farko da aka ƙera a can, kuma sojan Najeriya sun riƙe ta a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Harsasan Kaduna suna ɗauke da tambarin OFN a gindin kwansonsu. Riƙe zancen tambarin nan, za mu dawo kansa.

Mu ma ai muna da namu ɗurin

Wani zai ce, to ai maharbanmu sun daɗe suna ɗura bindiga da hannu. Gaskiya ne. Bindigar toka, wadda wasu ke yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta, kuma ita ce 'yan bindigar sarki suke bugawa a hawan sallah, tun kafin kalmar 'yan bindiga ta koma abin tsoro a ƙasar nan. Sai dai albarushin ba ɗaya ba ne. Na bindigar toka baƙi ne, mai hayaƙi da dauɗa, matsinsa kuma bai kai ko kusa ba. Na harsashin soja kuwa shi ne marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884. Da ba a same shi ba, da bindiga mai ɗana kanta ba ta yi aiki ba, domin tokar baƙin albarushi za ta toshe 'yar hudar nan cikin ɗan lokaci.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana nan ne. Bututun da maƙeri ya haɗa an yi shi ne don baƙin albarushi. Duk wanda ya kwashe albarushin harsashin zamani ya zuba a bindigar toka don wai ta ƙara ƙarfi, bam ya haɗa wa fuskarsa da yatsunsa. Idan kana da ɗan'uwa a cikin maharba ko 'yan sintiri, wannan ce maganar da ta fi cancanta ka isar masa daga duk rubutun nan.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, lasisinsu yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Na farauta da makamantansu, sai da izinin Sufeto Janar. Na soja kuwa haramtattu ne, sai da izinin shugaban ƙasa. Garand da BM59 da FAL duk suna cikin kashi na uku, tsufansu bai cire su ba. Harsashi ma sai mai lasisi zai riƙe shi, kuma ƙera shi ko haɗa shi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da hukuncinsa ke farawa daga shekara 10 a gidan yari. Babu wata ƙofa ta "don sha'awa nake yi".

Mutumin Illela ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin dalilin wannan tsanani. Garin yana bakin iyaka, Ƙonni na kallonsa daga ɓangaren Nijar, kasuwar Lahadi tana tara fatake da dabbobi daga ƙasashen biyu. Hanyar da ke kawo shanu da raƙuma ita masu fasa-ƙwaurin makamai suke hari, musamman tun da rumbunan makaman Libiya suka watse a 2011. A watan Nuwamban 2021, hare-hare a ƙananan hukumomin Illela da Goronyo sun ci rayukan mutane da dama.

Bindiga tana shekara 50 tana aiki, amma harsashi sau ɗaya ake harba shi. Ɗan ta'addan da harsashinsa ya ƙare sanda kawai yake riƙe da ita. Shi ya sa jami'an tsaro suka fi sa ido kan masu safararsa, kuma a nan tambarin gindin kwanso yake da amfani: yana nuna masana'anta, sau da yawa har da shekarar ƙerawa. Da irin waɗannan alamu ƙungiyar Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Katsina da Kaduna da Zamfara a rahotonta na 2020. Kwanson da aka sake cikawa yana ɗauke da tambarin wata masana'anta da cikin wani mutum daban, ka ga sawu ya ɓace. A Amurka mai ciko dattijo ne mai sha'awar tarihi. A hanyar Illela zuwa Sakkwato, jami'in da ya ga buhun kwanso a motarka ba zai yi maka wannan fassarar ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Wayarka da kwanson da ka tsinta

Kallon bidiyo ba shi ne laifin ba. Mallaka da haɗawa ne. Amma hoton da ka ɗauka riƙe da harsashi don burge abokai a TikTok shaida ce da ka rubuta da hannunka, kuma goge shi daga waya ba ya goge shi daga wayoyin waɗanda suka riga suka sauke. Haka nan shiga zaurukan Telegram da ke yaɗa irin waɗannan darussa: asusunka yana nan a jerin mambobi.

Idan ka ci karo da kwanso ko harsashi mai rai a gona ko bakin hanya, bar shi inda yake. Kada ka mayar da shi abin rataye makulli, kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kada ka bar yara su doke shi da dutse ko su jefa shi a wuta, domin tarwatsewar kwanson kaɗai ta isa ta tsiyayar da ido. Ka lura da wurin da kyau, ka sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko ka kira 112, wadda ba ta cin ko sisi daga katinka.