Fentin Mota: Wane Launi Ne Ke Jure Rana da Hunturu?

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota, ko a filin dillalai na Berger a birnin Ikko, ko a Kano, ko a Kaduna, ya san yadda cinikin yakan kasance. Mai saye zai zo da bakanikensa, a buɗe gaban mota, a saurari kukan inji, a gwada giya da birki, a leƙa ƙarƙashi. In aka zo maganar launi kuwa, sai a bar wa ido da son zuciya. Wani baƙa yake so don ta fi kwarjini, wani ja don ta fi ɗaukar ido, wani kuma uwargida ce ta zaɓa masa tun daga gida.

Ga mai halin canja mota duk bayan shekara biyu, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma ma'aikaci ko ɗan kasuwa wanda ya daɗe yana tara kuɗi, ko ya ci bashi ya saya, niyyarsa ya yi shekara 10 ko fiye yana hawa, sa'an nan ya sayar ya sami abin cikawa ya sayi wata. Irin wannan mutum, launin da ya zaɓa ranar ciniki zai bi shi har ranar rabuwa. Shi zai nuna yawan wankin da motar za ta sha, da zafin da iyali za su ji a ciki, da abin da mai fenti zai karɓa in an sami ƙarzuwa, da kuma farashin da dillali zai taya daga ƙarshe.

ABIN DA KE JIKIN MOTA

Fentin da masana'anta ke yi wa motar zamani shafi huɗu ne, ɗaya bisa ɗaya. Da farko akan tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin kwatami, a yi amfani da lantarki wajen manna mata maganin tsatsa a kowane lungu. Sai shafi na biyu wanda ke daidaita fuskar ƙarfe, sai launin kansa, daga bisani a rufe da wani shafi garai-garai kamar gilashi, wanda shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke tare hasken rana. Ana gasa waɗannan a zafin da ya wuce digiri 100 nesa ba kusa ba, tun kafin a sa kujeru da wayoyi da robobi. Dukansu huɗun in an haɗa, kaurinsu bai fi na takardar rubutu da yawa ba, kuma shafin saman bai kai rabin wannan ba.

Ba haka aka faro ba. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford na Amurka baƙin fenti kaɗai yake yi wa motarsa Model T, domin a zamanin shi ne mai araha, shi ne kuma mai ƙarko. A 1924 ne motoci suka fara fita da fentin Duco na kamfanin DuPont, mai saurin bushewa, aka sami damar yin launuka iri-iri. Shafin gilashin nan na sama kuwa sai a shekarun 1980 ya zama ruwan dare. Saboda haka abin da dattawan direbobi suka sani game da fenti a zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, wato daga 1975, ba duka ne ya dace da motocin yau ba.

MAƘIYA UKU

Maƙiyi na farko ita ce rana. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke shanye a fili kuwa ya fi haka ƙwarai. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke cin fenti a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Shi ya sa lalacewa takan fara daga rufi da murfin inji da murfin but, wuraren da ke fuskantar sama. Da farko sheƙi ya dushe, sai wurin ya yi fari-fari kamar ƙyasbi, daga nan ya shiga ɓarewa. In an kai nan babu man gogewa da zai yi magani, sai sabon fenti.

Na biyu ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris. Ƙurar nan tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai kaifi. Direban da ya tashi da safe ya sa busasshen tsumma ya goge mota, bai san yana kankare fentinsa da hannunsa ba.

Na uku shi ne danshi da gishiri. Wannan ya fi damun mazauna Ikko da Fatakwal da sauran garuruwan bakin teku, inda ƙaramar ƙarzuwa da aka bari a buɗe takan zama tsatsa cikin damina ɗaya.

BAƘI DA JA

Ba mai musun cewa baƙar mota sabuwar wanki tana da kyau. Amma kyan nata na sa'o'i ne kawai a lokacin hunturu, kuma kowace 'yar ƙarzuwa sai ta fito fili. Babban aibinta shi ne zafi. A wani binciken da aka wallafa a 2011, masu bincike na ɗakin gwaje-gwaje na Lawrence Berkeley a Amurka sun ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan azurfa. Sun sami rufin ta azurfar ya fi sanyi da har digiri 25, iskar cikinta kuma da digiri 5 zuwa 6. A jihar Kalifoniya ke nan aka yi gwajin, balle a Nguru ko Gusau cikin watan Afrilu. Ƙarin zafin nan na'urar sanyaya mota ce za ta yi fama da shi, ita kuwa mai take sha. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu duk 'yan gida ɗaya ne da baƙi a wannan fanni.

Ja kuwa tun da daɗewa aka san shi da koɗewa. Dalili shi ne jan launi yana haɗiye sashen haske mafi ƙarfi, wanda ke wargaza sinadarin launin. Tsofaffin motoci jajaye marasa shafin gilashi sukan koma ruwan hoda, in an shafa hannu a ga gari. Fentin zamani ya rage wannan ƙwarai, amma da zarar shafin sama ya gaji, ja ne ke fara tona asiri. Haka nan in an yi wa tsohuwar jar mota gyaran ƙofa ɗaya, da wuya sabon fentin ya saje da wanda rana ta riga ta ci.

FARI DA RUWAN AZURFA

Farin fenti ana yinsa da wani sinadari na ma'adinin taitaniyom wanda rana ba ta canja masa kama da sauƙi. Yana mayar da haske maimakon ya haɗiye, yana ɓoye ƙananan ƙarzuwa da lotsawa, kuma kusan kowane mai fenti yana iya haɗa shi. In ana neman ƙofa ko bamba ta gwanjo a Ladipo ta Ikko, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, an fi saurin dacewa da launin da ya fi yawa a titi. Kamfanin fenti na Axalta, wanda ke fitar da ƙididdiga kowace shekara, ya nuna fari ne kan gaba a duniya tun daga 2011, har a 2020 ya kai kashi 38 cikin 100 na sababbin motoci. Abin da jama'a da yawa ke so kuwa ba ya kwantai ranar sayarwa.

Akwai kuma maganar tsira da rai. Cibiyar binciken haɗurra ta Jami'ar Monash a ƙasar Ostareliya ta fitar da rahoto a 2007, inda ta sami cewa da rana baƙar mota ta fi fara shiga haɗari da kashi 12 cikin 100, ruwan toka da kashi 11, ruwan azurfa da kashi 10. Dalili shi ne saurin hangowa. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri cikin hazo ya san yadda mota ruwan toka kan ɓace wa ido sai ta matso.

Aibin fari shi ne jar ƙasa. Mai zama unguwar da ba kwalta zai ga gindin motarsa ya rine da damina, in kuma bai wanke da wuri ba tabon yakan kama. A nan ne ruwan azurfa da ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske suka yi zarra, domin kusan kamarsu ɗaya da ƙura, mota takan yi kwanaki ba wanki ba a lura ba. Sai dai ruwan azurfa yana da ƙananan ɓarɓashin alminiyom a ciki, kuma yadda suka kwanta shi ke sa launin ya yi haske ko duhu. Mai fentin da bai ƙware ba sai ya fitar da ƙofa dabam, jiki dabam.

FARI MA IRI-IRI NE

Akwai fari na sak, akwai kuma fari mai walƙiya kamar lu'ulu'u, wanda ake fesawa hawa uku. Na biyun ya fi kyau a ido, amma ya fi kowane tsada da wuyar sajewa wajen gyara. Mai niyyar daɗewa da mota gara ya tsaya ga na sak.

Kada kuma a ɗauka fari ba ya ciwo. A 2019 kamfanin Toyota a Amurka ya amince zai sake fenti kyauta ga wasu motocinsa farare, cikinsu har da Camry da Corolla da RAV4 na shekarun 2008 zuwa wajen 2017, saboda fentin yana ɓarewa falle-falle har a ga shafin ƙasa. Launukan da abin ya shafa su ne masu lamba 040 da 070. Da yake irin waɗannan motoci suna cikin waɗanda aka fi shigowa da su ƙasar nan, ya kamata mai saye ya duba gefen rufi da bakin gilashin gaba da kyau. Lambar launi tana rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Mai mota ya kwafe ta ya adana, domin da ita ake haɗa fenti daidai, maimakon a haɗa da ido.

NA ASALI YA FI

Yawancin masu sayen mota a Nijeriya yau tokumbo suke saye, wato wadda aka hau a Turai ko Amurka. A nan tambayar da ta fi launi nauyi ita ce: fentin na masana'anta ne, ko an sake? Da yawa daga motocin nan an sayo su ne daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari, aka gyara, aka fesa. Babu garejin da zai iya tsoma mota cikin kwatami ko ya gasa ta da zafin masana'anta, domin robobi da wayoyi za su narke. Don haka baƙar mota mai fentin asali tana iya fin farar da aka fesa a gindin bishiya daɗewa.

Gane wannan ba wuya. A duba mota da rana tsaka, ba da magariba ba, kuma bayan an wanke ta ta bushe. A tsaya daga gefe a dubi jikin a karkace, a ga ko akwai inda launi ya bambanta ko fuskar fenti ta yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. A ɗaga robar bakin ƙofa da ta gilashi, a duba ko fenti ya fantsama a kai. A naɗe ɗan maganaɗisu cikin ƙyalle a bi jikin ƙarfen da shi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila mai kauri, wadda zafin rana zai tsattsage ta wata rana. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka kuwa a leƙa ƙarƙashinta sosai, domin can ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

ABIN DA DOKA TA CE

Wanda ya yi niyyar canja launi gaba ɗaya ya tuna launin mota yana rubuce a takardunta. Dole ne a sanar da ofishin lasin a gyara takardu, in ba haka ba kowane shingen 'yan sanda sai an sha tambaya, a ƙarshe ma ana iya zargin motar sata ce. Akwai kuma dokar 1977 wadda ta hana farar hula hawa mota mai koren launin soja, kuma har yanzu tana nan cikin dokokin ƙasa. Haka nan a guji launin motocin haya na gari, kamar rawaya mai baƙin layi a Jihar Legas, ko kore mai farin layi a Abuja. Ban da wannan, dillalai sukan karya farashin motar da aka canja wa launi, don sun san mai saye zai yi zaton ana ɓoye wani abu ne.

KULAWA

Kowane launi aka zaɓa, inuwa ce babban magani. Rumfar kwano ko ta zana a ƙofar gida ta fi sabon fenti araha. Gindin darbejiya yana da daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage da ruwan itace suna cin fenti, musamman in rana ta gasa su, saboda haka a wanke su nan take. A riƙa kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin a sa soso. A daina wanki da garin sabulun tufafi, domin yana cire man da ke kare fenti. A shafa man kariya sau biyu ko uku a shekara, musamman gab da hunturu, amma a yi hattara da yawan gogewa da inji, tun da kowace gogewa tana rage shafin saman nan da ba shi da kauri. Kada kuma a rufa tamfol a kan mota mai ƙura, iska za ta riƙa goga shi a jiki.

Mai son mota ta raka shi shekaru, ya nemi launi mai haske, marar walƙiya mai yawa, wanda ya cika titi, kuma na masana'anta. Fari na sak ga mai zama kan kwalta, ruwan azurfa ko ruwan madara ga mai bin jar ƙasa. Wanda kuma zuciyarsa ta nace sai baƙa, babu laifi, amma ya fara kafa rumfa kafin ya kawo ta gida.