Roy Campanella: Mai Cafe Ƙwallon da Ya Koma Koyarwa Daga Kan Keken Guragu

A wasan besbol na Amurka, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, akwai ɗan wasa guda da aikinsa tsugune ne. Yana tsugunawa a bayan mai duka, fuskarsa a rufe da ƙarfe, ƙirjinsa da sulke, yana cafe ƙwallon da abokinsa ya jefo da gudun da kan haura kilomita 140 a awa. Shi ne kuma ke yi wa mai jifa ishara da yatsu, ya faɗa masa irin jifan da zai yi. Duk wanda ya taɓa yini a tsugune yana tsinkar gyaɗa a gonakin Zakirai ya san abin da gwiwa take ji. Roy Campanella ya yi shekara ashirin yana wannan aiki.

An haife shi a Filadelfiya ranar 19 ga Nuwamba, 1921. Mahaifinsa ɗan asalin Italiya ne, mahaifiyarsa baƙar fata. A Amurka ta wancan zamani wannan ya isa a rufe masa ƙofar manyan ƙungiyoyi, domin baƙaƙe gasarsu daban suke yi. Yana ɗan shekara 15, a 1937, ya shiga ƙungiyar baƙaƙe ta Elite Giants, ya faɗa hannun wani tsohon gwani, Biz Mackey, wanda ya koya masa yadda ake karanta mai duka, da yadda ake kwantar wa mai jifa hankali idan wasa ya rikice.

A 1946 Brooklyn Dodgers suka ɗauke shi, suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta garin Nashua. A can ne wata rana alƙalin wasa ya kori kocinsu, Walter Alston, sai ragama ta koma hannun Campanella. Baƙar fata yana ba Turawa umarni a fili, ana kuma bi! Ana cin su lokacin da ya karɓa, suka farfaɗo suka ci wasan. Ya hau babbar ƙungiya a 1948, shekara guda bayan Jackie Robinson ya fasa wancan shinge. Sau uku aka zaɓe shi gwarzon gasarsu, a 1951, 1953 da 1955, kuma a 1955 ɗin ne Brooklyn ta ci kofin zakarun ƙasa karo na farko.

Da asubahin 28 ga Janairu, 1958, ya rufe shagonsa na unguwar Harlem ya kama hanyar gida a Glen Cove cikin motar da ya ɗauko haya. Ƙanƙara ta rufe titi. Motar ta zame, ta daki turken wayar tarho, ta kife. Ƙasusuwa biyu na wuyansa suka karye, jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa. Shekararsa 36. A shekarar ƙungiyar ta yi ƙaura zuwa Los Anjeles, bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya a can ba.

Watanni ya yi a asibiti ana gasa masa jiki ana motsa gaɓoɓinsa, har ya iya ɗaga hannu ya kai abinci bakinsa. Ƙafafu kam sun tafi ke nan. Ranar 7 ga Mayu, 1959, Dodgers da New York Yankees suka buga wasa don tara masa kuɗin magani. Mutum 93,103 suka cika filin Coliseum. Tsohon kyaftin ɗin Dodgers, Pee Wee Reese, shi ya turo kekensa cikin fili. Ana cikin wasa aka kashe fitilu, jama'a suka ƙyasta ashana don girmama shi.

Wannan daren shi aka fi tunawa, amma ni abin da ya biyo baya ne ya fi kama zuciyata. Ƙungiyar ba ta tsaya a gudummawa ta sallame shi ba. Ta gane cewa abin da Mackey ya zuba masa yana nan daram a kansa, haɗari bai taɓa shi ba. Duk shekara sai a kai shi sansanin atisaye na Vero Beach a Fulorida, samari masu cafe su kewaye kekensa yana gyara musu tsugune da riƙon ƙwallo da baki. A wajenmu sau da yawa mutum na rasa ƙafafu ake fara yi masa kallon mai bara, ba a tambayar abin da ya iya, kuma wannan yana yi mini ciwo.

John Roseboro, saurayin da ya gaji gurbinsa a 1958, yana cikin waɗanda ya rena, kuma da shi Dodgers suka ci kofi a 1959, 1963 da 1965. Daga baya wani mai cafe, Mike Scioscia, shi ma ya zauna gabansa. A 1969 aka shigar da Campanella zauren gwarazan besbol, a 1972 ƙungiyar ta jingine lambarsa, 39, ba mai sake saka ta. Ya rasu ranar 26 ga Yuni, 1993, a Kalifoniya, yana da shekara 71, bayan shekara 35 a kan keke.