Karatun Tsara Fuskar Manhaja da Rubuta Ta a Jami'a: Bayani ga Al'ummar Anka, Gummi da Bukkuyum

An shirya wannan bayani ne domin wayar da kan iyaye, ɗalibai da jami'an ƙananan hukumomi a yankin Zamfara ta Yamma game da wani reshe na kimiyyar kwamfuta, wato tsara fuskar manhaja da rubuta umarnin da ke sarrafa ta.

Mece ce fuskar manhaja?

Fuskar manhaja ita ce abin da mutum yake gani kuma yake taɓawa a allon waya, kwamfuta ko na'urar POS: maɓallai, hotuna, tagogi da guraben rubutu. A da, sai mutum ya haddace umarni ya buga shi da haruffa kafin kwamfuta ta yi aiki. Kamfanin Xerox na ƙasar Amurka ya ƙera kwamfutar Alto mai tagogi da linzami a shekarar 1973, Apple ya fitar da Macintosh a 1984, sannan Microsoft ya fitar da Windows a 1985. Wannan sauyi ne ya buɗe wa talaka ƙofar amfani da kwamfuta.

Abin da ake koyarwa

Karatun ya kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne tsari: ɗalibi zai nazarci masu amfani da manhajar, ya zana fuskar a takarda, ya gwada ta da mutane, sannan ya gyara inda suka rikice. Kashi na biyu shi ne rubuta umarni da harsunan kwamfuta irin su Java da Python. Manhaja tana zaman jira ne. Da zarar an danna maɓalli, sai ta karɓi saƙon, ta aiwatar da umarnin da aka ɗaura wa maɓallin, ta nuna sakamako a allo. Ana haɗa wannan da lissafi da ilimin adana bayanai.

Amfaninsa ga yankinmu

Mafi yawan manhajojin da ke hannun jama'a da Turanci aka tsara su, alhali manomi ko ɗan kasuwa a Gummi ya fi sakewa da Hausar boko ko ajami. Ajami daga dama ake rubuta shi zuwa hagu, don haka dole a juya tsarin fuskar gaba ɗaya. Haka kuma wajibi ne haruffan ɓ, ɗ da ƙ su fito daidai. Bugu da ƙari, inda sabis ke da rauni, ana bukatar manhajar da za ta adana bayani a waya har sai an samu intanet.

Jama'ar Anka da Bukkuyum ba su manta da annobar gubar dalma ta shekarar 2010 ba, wadda ta hallaka yara sama da 400. Bibiyar lafiyar yaro bayan irin wannan musiba ta dogara ne ga rajista mai kyau. Idan gurbin shekaru da na nauyi suka yi kama da juna a allo, ma'aikacin lafiya yana iya shigar da lamba a inda bai dace ba, kuma kuskuren ya shafi magani. Hana irin wannan shi ne aikin mai tsara fuska.

Hanyar shiga

Ɗalibi yana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi da fiziks, sannan ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Ana karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Mai difloma ta ƙasa daga kwalejin fasaha yana iya neman shiga kai tsaye aji biyu.

Daga ƙarshe, ana kira ga iyaye da su ƙarfafa wa 'ya'yansu, maza da mata, gwiwa a kan lissafi tun daga ƙaramar sakandare. Su kuma shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi, su tabbatar kowane ɗalibi ya saba da linzami da allon rubutu kafin ranar jarrabawa.