Hikimar Gajeren Filin Golf a Duwatsun Suwizalan

Duk wanda ya san wasan golf, wato wasan da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, ya san cewa cikakken filinsa ramuka 18 ne, tsawonsa yakan zarce mita 6,000, kuma mai zagaya shi sai ya ci kamar sa'a huɗu kafin ya kammala. To, irin wannan shimfiɗa ba ta samuwa ko'ina, balle a duwatsun Alps na ƙasar Suwizalan, inda ɗan sararin da Allah ya hore tsakanin tsaunuka, makiyaya da manoma sun riga sun rabe shi tun kaka da kakanni.

Sabili da haka ne ma'abota wannan fanni suka karkata ga gajeren fili mai ramuka 9. A garin St. Moritz, wanda bisansa ya kai mita 1,800 daga teku, alhali kuwa Jos ba ta wuce kamar 1,200 ba, akwai filin otal ɗin Kulm, mai asali tun shekarar 1891, inda aka ƙaddara wa gwani bugu uku a kowane rami, jimla 27 ke nan. Na ƙauyen Riederalp kuwa, wanda mota ba ta shigarsa, bisansa ya kusa mita 2,000 daga teku.

Hikimar da ke cikin al'amarin, wadda a ganina ta cancanci yabo matuƙa, ita ce wannan: idan rami mai nisa ne, wajibi ne ƙwallo ta sauka a hanya sau ɗaya ko biyu, kuma matuƙar wurin saukar gangara ne, mirginawa za ta yi ta ɓace, sai fa in an fasa dutse an cike kwari da dukiya mai yawa, amma idan gajere ne, mai tsarawa ba ya bukatar kome face dandamali biyu, na tsayuwar mai bugu da na ramin, domin ƙwallo a iska za ta ƙetare abin da ke tsakaninsu, rafi ne ko kwazazzabo, a bar shi yadda Mahalicci ya ajiye shi.

Kada mai karatu ya zaci gajarta sauƙi ce. Iskar kan tudu ba ta da kauri, saboda haka ƙwallo takan zarce inda aka saba da kusan ushuri, ga kuma hawa da gangara suna ruɗin ido, har gwani ya rasa sandar da zai zaɓa.

Akwai kuma maslahar jama'a, domin baƙon da ya zo hutu da iyalinsa, ko dattijon da hawa ke sa shi haki, sa'a ɗaya da rabi ta ishe shi. Lokacin wasan ma ƙalilan ne, galibi daga Yuni zuwa Oktoba. Da dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, sai masu wasan zamiya a kan ƙanƙara su karɓi wurin har bazara.